Yadda zaka ciro hoto daga tsohon fim ɗin gida ka wanke shi a takarda

Akwai gidajen da in an buɗe adakar tsohon mai gida ko kabad ɗin takardunsa ana cin karo da wasu ƴan faifai ƙanana a cikin kwali ruwan ɗorawa an rubuta Kodak a jiki, fim ne siriri a naɗe, faɗinsa kusan faɗin fensir ne. Galibi na waɗanda suka yi karatu a Ingila ne ko tsofaffin ma'aikata da ƴan kasuwa da suka sayi kyamarar ɗaukar fim a shekarun 1960 da 1970, kafin kaset ɗin bidiyo ya zo ya kore ta. A ciki zaka samu suna, biki, hawan sallah, rakiyar alhazai filin jirgi, kuma sau da yawa akwai fuskar wanda duk dangi babu mai hotonsa ko guda ɗaya. Toh wannan fuskar ana iya ciro ta a wanke a takarda a rataye a bango, kuma ba sai an lalata fim ɗin ba. In kaset ne na bidiyo a hannunka wannan wani aikin ne daban, nan maganar fim nake wanda in ka ɗaga shi sama a haske kana hango ƴan hotuna jere a jiki.

Tun kafin mu je ko'ina dan Allah kar ka sa almakashi. Mutane na yanke gidan hoto ɗaya, wato guda daga cikin ƴan hotunan nan da ke jere a jiki, su kai situdiyo, wai ai ɗaya ne cikin dubbai. Kusan duk fim ɗin gida na wancan zamani abin da ya zauna a cikin kyamarar shi ne aka wanke aka dawo ma mai shi da shi, babu nagatif a wani wuri, babu kwafi, wanda ke hannunka shi kenan a duniya. Kuma in ka yanke ka rasa maƙwabtan hoton na gaba da na baya, waɗanda zaka ga amfaninsu can ƙasa.

Fara da sanin wane iri ne a hannunka

Iri uku ne aka fi samu. Akwai 8mm na asali da Kodak ya fitar a 1932, ramukan gefensa manya ne kuma kowane rami yana daidai kan layin da ya raba hoto da hoto. Akwai Super 8 na 1965, faɗinsu ɗaya amma ramukansa ƙanana ne kuma ramin yana saitin tsakiyar hoton. Sai 16mm wanda ya girme su duka, tun 1923, ya ninka su faɗi. In ka ga wani siririn layi ruwan ƙasa a gefen fim ɗin to mai sauti ne, ka bi wajen a hankali.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne girman hoton kansa. A 8mm na asali hoton bai kai milimita 5 a faɗi ba, tsayi wajen 3 da rabi. A Super 8 wajen 5.8 ne da 4. A 16mm ya ɗan haura 10 da 7 da rabi. Nagatif ɗin kyamarar hoto da masu hoto suka saba da shi kuwa 36 ne da 24. Kaga ke nan hoton Super 8 bai fi ƙwayar wake ba, kuma daga shi kake so a fitar da fuskar kaka. Zai yiwu sosai, amma ka sa a ranka tun yanzu hoton hannu zaka samu ko matsakaici na firam, ba irin ƙaton da ake kafawa a wajen taro ba.

Duba lafiyarsa kafin ka warware

Buɗe kwalin ka shinshina. In ka ji tsami mai hawa hanci irin na ruwan khal, robar fim ɗin ce ta fara ruɓewa, sinadarin da aka yi ta da shi ne yake sakin asid saboda zafi da laima, kuma in ya fara ba ya komawa baya. Irin wannan ware shi daga sauran don yana shafar na kusa da shi, kuma shi zaka fara yi wa aiki tun bai ƙanƙance ya lanƙwashe ba. Sai ka duba fumfuna, wani fari fari kamar saƙar gizo a gefen naɗin, damina ce ke kawo shi. In ka ja bakin fim ɗin a hankali ka ji ya manne da na ƙasansa ko yana ƙaras ƙaras zai karye, tsaya nan, wannan ba aikin gida bane sai masu na'ura.

Kuma ko da tsohon majigin na nan cikin kayan, kar ka zura fim ɗin wai ka ga ko yana yi. Fim ɗin da ya shekara hamsin a naɗe ya ɗan tsuke, haƙoran majigi ba zasu dace da ramukan ba sai su yaga su, in kuma ya maƙale a gaban kwan nan mai zafi cikin daƙiƙa kaɗan hoton ya narke kana kallo.

Wajen aiki ya zama ɗaki a rufe, a kashe fanka, a goge tebur da ɗanyen tsumma a bari ya bushe. Lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba, ƙwayar ƙura ɗaya da ido ba ya gani in aka faɗaɗa hoton sai ta rufe ma mutum ido guda. Ka sa safar hannu ko aƙalla ka wanke hannu ka riƙa kamawa ta gefe gefe. Ƙura a hure ta da ƴar robar hura iska da masu gyaran kyamara da agogo ke amfani da ita, ba da baki ba saboda yawu. In akwai datti da ya ƙi tashi sai a ɗiga ruwan goge na'ura da ake kira isopropyl mai ƙarfin kashi 99 a kan ƙyalle mai laushi marar gashi a shafa sau ɗaya a hankali, masu gyaran waya suna da shi. Banda ruwa, banda sifirit ɗin kemis domin akwai ruwa da wasu gauraye a cikinsa, ruwa yana kumbura fatar da hoton ke kai sai ta kwaɓe. Inda fumfuna ta riga ta ci kuwa kar ka goga, cin ya shiga ciki, gugar ƙara ɓarna zata yi.

Zaɓen hoton, nan ne rabin aikin

Gaskiya mutane sun fi damuwa da wace na'ura za'a saya, alhali abin da ke raba hoto mai kyau da marar kyau shi ne wane gida ka zaɓa. Ƙaramin faifan Super 8 mai tsawon mita 15 yana ɗauke da hotuna wajen 3,600, ana haska 18 duk daƙiƙa, wato minti uku da daƙiƙa ashirin kenan gaba ɗaya. Kyamarar tana buɗe ido na wajen 1/30 zuwa 1/40 na daƙiƙa a kan kowanne, wanda a wajen mai hoto wannan jinkiri ne, ga shi mai ɗaukar a hannu ya riƙe yana yawo da ita hagu da dama. Shi ya sa in fim na tafiya sai ka ga komai tas, amma da ka tsayar da gida ɗaya sai ka tarar fuskar ta shafe, idonka ne dama yake haɗa su ya cike giɓin. Cikin hotuna ashirin a jere ba mamaki biyu ko uku ne kawai masu kaifi.

Saboda haka ka samu faifai na biyu wanda babu komai, ka soka fensir a ramin kowanne, ka riƙa naɗewa daga wannan zuwa wancan a hankali, da haske a ƙasa da gilashin ƙara girma mai ninki goma a sama. Nemi inda mutum ya tsaya cak, lokacin da ya juyo ya kalli kyamara kafin ya yi dariya ko ya kawar da kai, ko zaman da aka yi ana addu'a kowa ya natsu. Nemi inda fuska ta cika gidan. Hoton taro mai mutum goma sha biyar a tsaye, a kan Super 8 kowace fuska ƴar ɗigo ce, za'a gane su da kaya da tsayuwa amma ba da kamanni ba. Wurin hawa kuma, doki a guje kusan duk a shafe zai fito, sai dai ka jira inda suka ja linzami. In ka samu wanda ya yi maka, saka ƴar takarda a tsakanin naɗin don alama, kar ka manna salatif.

In kana da aboki mai gyaran waya, madubin nan nasu na duba ƙananan kaya yana nuna hoton fim ƙwarai da gaske in aka haska ta ƙasa, zaka tantance mai kaifi da marar kaifi cikin sauƙi.

Ɗaukar hoton zuwa kwamfuta

Sikana ta ofis manta da ita, tana haskawa ta ƙasa ne tana karanta abin da ya dawo, fim kuwa sai haske ya ratsa shi. Ko sikanar da ke da fitila a murfi don nagatif, lissafin ba ya da daɗi. A kan dpi 2400, wato ɗigo 2400 a kowane inci, faɗin Super 8 fiksel (ɗigon hoto a kwamfuta) wajen 550 kawai zai baka, wanda a wanki mai kyau bai kai inci biyu ba, kuma lambobi manya da ake rubutawa a kwalin irin waɗannan sikanoni ba su cika zama kaifin gaske ba. Ga 16mm dai ana iya lallaɓawa da ita.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce kyamarar da ake canza ma lensi, irin ta masu hoton biki, da lensin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. In kyamarar mai megafiksel 24 ce mai matsakaicin sensa, lensin makro na ɗaya bisa ɗaya, mai saukar da abu a kan sensa da girmansa na gaske, shi kaɗai zai baka kusan fiksel 1,500 a faɗin hoton Super 8, kuma wannan ya kusa kwashe abin da fim ɗin ke da shi. In aka ƙara zoben nan da ake sawa tsakanin lensi da jikin kyamara har girman ya ninka biyu ko uku, ya ma fi, don zaka samu sararin gyara. Wanda ba shi da makro yana iya juya lensi mai 28mm ko 50mm baya ya koma gaba da zoben juyi, abu ne mai araha kuma yana aiki. Ba sai ka sayi komai ba ma, ka yi magana da mai hoton unguwarku ya zo da kayansa ku zauna yini guda.

Ga yadda ake shiryawa. Haske a ƙasa, ko farin allon LED ko fuskar waya da aka buɗe farin shafi aka ƙure haskenta. In waya ce kar ka kwantar da fim a kanta kai tsaye, ɗigon fuskar wayar zasu fito a hoton kamar raga, ɗaga shi sama kamar santimita uku zuwa biyar, ko ka sa farar roba mai hazo a tsakani. Yanko kwali mai kauri guda biyu baƙaƙe, ka huda taga ƴar ƙarama da ta ɗan fi gidan hoton, fim ɗin ya bi ta tsakaninsu ya kwanta sambal, ka shimfiɗa takarda mai santsi inda zai goga. Baƙin kwalin yana kuma tare hasken gefe da ke shiga lensi ya dusar da hoto. Kyamara a kafe a kan ƙafarta tana kallon ƙasa daidai, don ka tabbatar ba ta karkace ba ɗora ƙaramin madubi a wajen fim ɗin, in ka ga lensin a tsakiyar hoton to ta miƙe.

Fim yana da fuska biyu, ɗaya mai sheƙi ɗaya mai dishi dishi, hoton yana kan mai dishin ne, ita zaka juyo ma lensi. Hoton zai fito a juye hagu ta koma dama, sai a juya shi a kwamfuta. Ka tabbatar ya juyu daidai ta duba rubutu, allon shago ko lambar mota. Kar ka dogara da sitiyari, domin Najeriya sai a Afrilun 1972 ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin da ke fim ɗin kafin nan sitiyarinsu a dama yake kuma daidai ne.

Saitin kyamara: RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, ISO 100, komai da hannu. Buɗin lensi ka bar shi f/4 zuwa f/5.6, kar ka tsuke shi zuwa f/16 wai don komai ya fito, a irin wannan kusancin tsukewa da yawa laushi take kawowa. Faɗaɗa hoton a allon kyamara har ƙarshe ka saita har sai ka ga ƙwayoyin fim ɗin kamar yashi sun fito ɓaro ɓaro, su ne ma'auni ba fuskar mutumin ba, in ƙwayoyin sun yi kaifi fuska ba ta yi ba to haka aka ɗauke ta tun asali. Sa jinkirin daƙiƙa biyu ka cire hannu, a kashe fitilar ɗaki, kowa ya daina tafiya.

Wani abu da zaka haɗu da shi a finafinan namu shi ne farar babbar riga da rawani a tsakar rana, fuska kuma a inuwar hula ko rumfa. Kodachrome, wani nau'in fim mai launi na Kodak, musamman inuwarsa baƙa ce ƙirin, in ka auna haske a kan rigar fuska ta nutse, in ka auna a fuska aikin rigar ya ɓace fari fat. Maganinsa ɗauki uku ba tare da taɓa komai ba, ɗaya daidai, ɗaya ka ƙara haske, ɗaya ka rage, daga baya a haɗa. Sau da yawa zaka sha mamakin abin da ke ɓoye cikin duhun nan, ido da gemu da zanen fuska duk suna nan.

Kafin ka matsa, ɗauki gidaje huɗu zuwa takwas na gaba da baya su ma, matuƙar mutumin bai motsa ba.

Waya kaɗai da ɗan lensin makro na maƙalawa tana iya fitar da abin turawa dangi a gani, amma wayoyi suna shafe ƙwayoyin fim da kansu su mayar da fuska kamar an shafa mata hoda, ga wanki ban ba da shawara ba sai in babu yadda za'a yi. Ƙananan injinan da ake sayarwa masu juya faifai gaba ɗaya zuwa bidiyo suna da amfani wajen kallo da gano inda abu yake, sai dai suna matse bidiyon sosai, hoton da aka tsayar daga ciki yana fitowa da ɓurɓushi. In kuma zaka aika wa kamfani mai babbar na'ura ne, ce musu kana son kowane gida a matsayin hoto daban, TIFF, a 2K ko sama, ba MP4 kawai ba.

Gyara

Manhajojin gyaran hoto RawTherapee, darktable da GIMP duk kyauta ne kuma sun isa. Juya hoton, miƙar da shi, sannan launi. Kodachrome da ya zauna a duhu launinsa kan tsaya daram ko bayan shekara hamsin, wasu nau'o'in kuwa sun koma ja ja ko shuɗi shuɗi. Nemi abin da ka san fari ne a hoton ka saita da shi, in launin ya mutu murus mayar da shi baƙi da fari, ya fi mutunci a kan a ƙaƙaba masa launin ƙarya.

Yanzu ga amfanin maƙwabtan nan. Ƙwayoyin fim da ƙura a kowane gida wurinsu daban, amma fuskar tana wuri ɗaya. In ka ɗora hotuna huɗu a kan juna a GIMP, ka daidaita su ido kan ido, ka saita su gauraya daidai wa daida (na ƙasa 100, na biyu 50, na uku 33, na huɗu 25), yashin nan yana raguwa da kusan rabi kuma kamannin su ƙara fitowa ba tare da an ƙirƙiri komai ba. Aiki ne mai cin lokaci, daidaitawar ce wahalar, amma babu dabarar da ta kai ta a wannan harka. Dogon karce da ya bi tsawon fim shi ba zai ɓace ta haka ba tunda yana wuri ɗaya a duka, sai a bi shi da hannu.

Manhajojin nan masu gyaran fuska da ƙirƙirarriyar basira kuwa ina roƙonka ka kiyaye. In bayanin fuska bai isa ba ba sa cewa bai isa ba, sai su ƙera ido da hanci da haƙora daga fuskokin wasu mutane, hoto ya fito tas amma ba shi bane. Tsagar gado da bille sukan ɗauke su a matsayin karce su goge. Jikokin da basu san shi ba zasu taso da wannan fuskar a matsayin ta kakansu. In ma ka gwada, kai wa wanda ya rayu da shi, matarsa ko ƙanwarsa, ka nuna mata duka biyun ka ji wanne zata ce shi ne.

Wanki

Hoto mai fiksel 1,500 a faɗi yana ba da inci 5 a wanki mafi kyau, inci 6 ma lafiya lau. Daga 8mm da Super 8 ka tsaya a 4 ba 6 ko 5 ba 7, 16mm mai kyau yana kaiwa 8 ba 10. Siffar hoton fim huɗu bisa uku ce, takardar 4 ba 6 kuma ta fi ta tsawo, in ka bar wa injin sai ya datse sama da ƙasa ya tafi da hula. Gara ka shirya shi da kanka a kan farin shafi daidai girman takardar, da farin gefe zagaye, ƙaramin hoto a tsakiyar babban farin gefe cikin firam yana da kwarjini sosai. Wasu ma suna barin ramin gefen fim ɗin ya fito a hoton, ko su jera gidaje uku a takarda ɗaya a ga yadda murmushin ya fara har ya cika, ni wannan na biyun yana burge ni.

Fitar da shi JPEG mafi inganci a sRGB, ka kai a filashi, in ta WhatsApp ne a tura shi a matsayin dokumen. Gaya ma mai wankin ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa, kuma a fara wanke ɗaya gwaji a duba a hasken rana, domin takarda kullum ta fi allon kwamfuta duhu, mai yiwuwa sai ka ɗan ƙara haske. Takarda marar sheƙi ta fi ɓoye yashin fim. A baya rubuta suna da wuri da shekara da fensir mai laushi. In ba'a san shekarar ba duba kwalin, sau da yawa akwai hatimin gidan waya ko ranar wanki tunda a wancan zamani Kodachrome waje ake aika shi a wanko, kuma a gefen fim ɗin Kodak akwai ƴan alamomi, da'ira, murabba'i, kusurwa uku, da ke nuna shekarar da aka ƙera shi, sai dai suna maimaituwa duk shekara 20 don haka a haɗa da abin da manya suka tuna.

Fayilolin RAW a ajiye su wuri biyu daban, ba a waya ɗaya ba. Faifan kuma a naɗe shi ba tamau ba, a cire robar ɗauri in akwai, a kwantar da shi a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, nesa da rufin kwano da bangon banɗaki. Firij yana da kyau ga fim ne kawai in wuta ba ta yankewa, inda ake kawowa ana ɗaukewa raɓa zata riƙa sauka a kansa duk lokacin da ya huce, gara kabad. Mai warin tsamin nan a bar shi shi kaɗai a kwalin da iska ke ɗan shiga, a riƙa dubawa duk bayan damina.